Sunan da Na Kira a Ɗakin Haihuwa

A'a, Yaya 'Yar'azumi, dakata. Tun da kika shigo kike yin naki, ko tabarma ba ki bari an shimfiɗa miki ba, yanzu ki bari in yi nawa. Na kira sunanta, e. Wa ya ce ban kira ba? Da bakin nan nawa na kira, a gaban likita da nas, har da mai shara. Wadda ta kai miki labari ba ta yi ƙarya ba, ta dai rage.

Ba sai kin koya mini kunyar ɗan fari ba. Ni na haifi yarinyar nan, ke kuma yayar ubanta, kika ɗauke ta ranar yaye, kika goya ta sai garin Malam Madori. Tun ranar suna har ta yi aure, kin taɓa jin sunanta a bakina? "Ke" nake ce mata, ko "waccan". In an matsa mini in ce "'yar gidan Yaya". In ta shigo ɗaki in kalli bango. Ranar bikinta ina can bayan gida ina tankaɗen da ba wanda ya sa ni. To yau ni za a tuna wa kunya?

Zauna mana, ƙafarki ba ta son tsayuwa. Ai ba kya nan aka yi, shi ya sa kike ta ɗaga murya.

Kin san dai mijinta Rilwanu ya kawo ta nan Haɗeja da cikin ya tsufa, ya koma Baturiya wajen kamun kifinsa. Kin san tare muka kai ta asibiti da hantsi, ke a gaba kina riƙe da ita, ni a baya da kwanon sha kamar wadda ta raka maƙwabciya. Naƙuda ta zo da ƙarfinta, ta yi ta yi, da azahar ta gota sai ta tsaya cik. Ciwo na zuwa, ɗa ba ya saukowa. Ke kika ce wani ya ɗaure abu a gida. Kika tashi za ki je ki kwance igiyar guga da bakin buhuna, ki biya wajen malam ki karɓo rubutu. Ban hana ki ba, ni ma da shi aka haife ni. Sai dai kina fita hadari ya sauko, ya tsare ki a zauren mutane.

Ina zaune a benci, ruwa na dukan kwanon rufi, sai ga wata nas, Bashira sunanta, siririya mai saurin baki. Ta ce, "Ina uwar mai naƙuda?"

Na waiwaya baya. Ba kowa sai wani tsoho yana gyangyaɗi.

Ta ce, "Iya, da ke nake."

Na ce, "Uwarta ta je gida, ni tsaron kwano nake."

Ta ce, "To kwanon ya tsare kansa, taso."

Na shiga. Yaya, yarinyar nan kin yi mata tarbiyya, wannan ban ƙwace miki ba. Ko uhum ba ta ce. Ta cije leɓe har ya fashe, idonta a rufe, gumi ya jiƙa kitson da kika yi mata. Likitar mace ce, Aziza, ba ta fi 'yar taki girma ba. Ta ce mini kan ɗan ya daɗe a hanya har ya kumbura, yatsa ya kasa gane gabansa da ƙeyarsa, sai an leƙa. Na ce a leƙa ta ina? Sai aka turo wani ɗan talabijin a kan ƙafafu. Shi ne sikanin ɗin da kike cewa tonon asirin Allah ne. Ta shafa mata wani abu mai sanyi kamar yauƙin kuɓewa, ta ɗora wani ɗan guntun abu a ƙasan cibiya, ta ce in duba.

Ni ban je da niyyar dubawa ba. Idona ne ya tafi da kansa.

Kin tuna fadamarmu in kogi ya cika ya shanye shinkafa, da sassafe, kafin rana ta fito, lokacin da ruwa da sama suke zama abu ɗaya? To shi na gani a cikin akwatin nan. Baƙin ruwa, da hazo fari-fari yana yawo a kai. Likita ta ɗan gusa hannu, ruwan ya juya. Sai ga wani abu zagayayye yana tasowa a hankali, kamar gorar masunci da ta kuɓuce wa mai ita. Ruwan sama na ta zuba a waje, na rasa a ina nake. Na ji kamar ina cikin kwalekwalen babanmu, ina yarinya, na leƙa ƙasa ina neman kifi, ciyawar kacalla na goga jikin jirgi, tsuntsayen nan farare suna tashi ba ƙara. Har warin laka na ji, wallahi, a ɗakin da ba abin da ke tashi sai warin magani.

Sai gorar ta buɗe ido. Ramuka biyu baƙaƙe, suna kallona.

Na ce, "Innalillahi, wane ne wannan?"

Likita ta ce, "Jikanki ne, Iya. Idon nan bai kamata mu gan su daga nan ba. Ya kwanta rigingine yana kallon sama, shi ya sa ya maƙale. Da ƙeya ake fitowa."

Na ce, "Halin kakansa ne. Shi ma haka yake kwanciya a gindin tsamiya ana neman sa a gona."

Ba ta yi dariya ba, Bashira ce ta yi. Likita ta sauya wa abin wuri, ta sake dubawa ta ƙasa, ta ce kan ya sauko sosai, saura kaɗan. Ta kunna wani abu, ɗakin ya cika da bugu, dum-dum, dum-dum, kamar ana daka a can ƙetaren kogi iska na kawo sautin. Zuciyarsa ce. Ta ce in saurara da kyau. In ciwo ya zo bugun sai ya ja baya, ya yi nisa, ya daɗe kafin ya dawo. Ta ce ya fara gajiya. Za ta sa hannu ta juya kan, amma in ta juya dole uwar ta yi nishi nan take ta riƙe shi, in ba haka ba zai koma yadda yake. In kuma abin ya ƙi, za a wuce da ita ɗakin aiki, an riga an ce su shirya, sai dai shi ɗan ba ya da lokacin ɓatawa.

Ta sa hannu ta juya. Na gani da idona, ramukan nan biyu suka nutse, gora ta kifa. Ciwo ya zo. Suka ce, "Yi nishi!" Ba ta yi ba. Yarinya ta tafi. Tana numfashi, amma ta yi nisa, kamar wadda ruwa ya ɗauka a hankali, ta daina ko ɗaga hannu. Ciwon ya wuce a banza. Likita ta ɗora abin nan, sai ga idon sun sake tasowa suna kallon sama, bugun kuma can ƙasa-ƙasa.

Bashira ta kira sunan, wanda kika sani. Likita ta kira. Mai shara ma ta ajiye tsintsiya ta kira. Sunan ya yi ta yawo a ɗaki, bai sami mai shi ba. Ai ta saba jin sa a bakin kowa, me zai tashe ta?

Likita ta sake sa hannu, ta ce mini, "Iya, yi mata magana, muryarki ta sani."

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Ke."

Ko gezau.

Na ce, "Ke, 'yar gidan Yaya."

Bashira ta ce, "Haba Iya, ba ta da suna ne?"

Na kalli ƙofa, Yaya, Allah ne shaida, na kalli ƙofa ko za ki shigo da rubutunki ki fitar da ni. Ruwa kawai ake yi. Na kalli akwatin, sai baƙin ruwan nan shimfiɗe. Sunan nan yana nan a ƙasan harshena tun ranar da liman ya raɗa shi, ban taɓa taɓa shi ba, sabo fil kamar kwanon da ke cikin adaka. Na ɗauko shi. Da nauyi, har muryata ta karye a tsakiya. Amma na kai shi ƙarshe.

Ta buɗe ido. Ba likita ta kalla ba, ni ta kalla, irin kallon da za ki yi in akuyarki ta yi miki sallama. Na ce, "Me kike kallo? Yi nishi, ɗan mutane na jira." Ciwo ya zo daidai nan. Ta damƙi hannuna, ga shi har yau kumburin bai sauka ba, ta yi nishi ɗaya da ya fito tun daga tafin ƙafa. Likita ta ce, "Ya riƙu! Ƙara!" Ta ƙara. Ta sake ƙarawa. Kafin ruwa ya ɗauke, ga shi nan, da dogon kai kamar tulu, yana tsala ihu. Kin iso da rubutunki kin tarar ana goge jaririn, kika ba ta ta sha, ta shanye.

Yanzu kin zo kina cewa na zubar da mutuncin gida, matan unguwa na dariya, wai Hajo ta tsufa ta lalace tana kiran 'yar fari gatsal. Su yi ta yi, haƙoransu ne. Kina cewa na ƙwace miki 'ya. Ina na kai ta? Tana can ɗaki tana shan kunun kanwar da kika dama. Da ta farfaɗo wa ta fara tambaya? "Ina Gwaggo?" Ni ko kallo ban ishe ta ba, na koma tsaron kwanona.

Me? In rantse ba zan sake ba? Ai kin makara, ita ta riga ki zuwa. Jiya ina gasa mata jiki, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ran nan a asibiti ban ji abin da kika ce da kyau ba, ko za ki maimaita?" Na ce mata ba a banza nake fitar da shi ba, ta bari sai haihuwa ta biyu. To ke ma, Yaya, naɗe faɗan nan ki ajiye sai ranar. In kuma ba kya son ji, ki zauna a benci kada ki tafi kwance igiyar guga.