Ciyawar da Ta Tsallaka Katanga

Sai a kamfanin inshora na uku Lorenda Kiewiet ta sami mai sauraronta. Biyun farko da jin gidan a gefen garin Knysna yake, daji a bayansa, suka ba ta haƙuri. Tun babbar gobarar da ta lashe rabin unguwar abin ya koma haka. Kamfaninsu na da ya janye, gida na zaune ba kariya, ga lokacin iskar nan mai zafi da ke gangarowa daga duwatsu ya ƙarato.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: kada mai dubawa ya tarar da rufin ciyawa kusa da gidan.

Su kuwa suna da lapa, rumfar ciyawar da mijinta Absalom ya kafa jikin bangon kicin, inda yake gashin nama duk Asabar.

"Gidan da ba lapa ai asibiti ne," in ji shi, yana juya haƙarƙarin rago.

"To, sarkin gashi. In wuta ta zo sai ka haɗa da mu, ka huta."

Ya yi kwanaki yana kumbura, sannan ya hau tsani ya sauke rumfar. Ran nan Lorenda ta dawo daga gidan burodin da take aiki, ta tarar da bango fayau. Har ta fara murmushi sai ta ji bugun guduma. Ta leƙa. 'Ya'yan maƙwabcinsu, tsoho Windvogel, na kafa ginshiƙai dab da katanga, ga damman ciyawa jibge a gefe.

"Absalom, ciyawar wa nake gani?"

"Haba, ciyawar garin Albertinia ce fa, mai tsada. Wa ke zubar da ita? Na ba Kawu Windvogel."

"Ka ba shi ya kafa a kan hancinmu?"

"Filinsa ne, Lorenda."

"Je ka ce ya matsar."

Ya sosa ƙeya. Tsohon ne ya kwashe su a motarsa ranar gobara, alhali nasa gidan na ci. Da wane baki za a ce masa ya dawo da kyauta?

Kafin mako ya zagayo rumfa ta tsaya, bakinta na leƙen tagar kicin ɗinsu.

Mai dubawar, wata budurwa mai suna Noxolo, ta zagaya gidan, ta yaba yadda aka sare ciyayi, aka share magudanar rufi. Da ta iso bayan kicin sai ta tsaya, ta ɗaga kai.

"Ba tamu ba ce," Lorenda ta yi saurin cewa.

"Na gani, Mama. Amma tartsatsi bai san katanga ba. Muddin tana nan, ba za su karɓe ku ba."

Motar yarinyar ba ta gama fita layin ba Lorenda ta tura ƙofar maƙwabcin. Ta same shi zaune a sabuwar inuwarsa, yana hura gawayi da kwali.

"Shigo, 'yata. Kin ga aikin mijinki?"

Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara har ta gama.

"Inshora," ya ce, kamar mai tuna sunan tsohon abokin gaba. "Na biya su tun ina da gashi a kai. Da gidana ya ƙone suka ce itatuwana sun yi kusa. Da hannuna na sake ginawa. Yau kuma su za su gaya mini inda zan gasa namana?"

"Kawu, gidanmu ne a tsakani."

"Na sani. Ki ce wa Absalom ya zo ya faɗa mini da bakinsa, in zai iya."

Da ta koma, Absalom na tsaye a tsakar gida, ya ji komai. Bai dube ta ba. Iska ta juyo, busasshiya, mai ɗumi kamar an buɗe tanda. Lorenda ta jira ya taka ko taku ɗaya. Da bai motsa ba, ta shiga ɗaki ta sauko da akwatuna, ta fara cire hotunan yaransu daga bango, don in wuta ta zo ta same su a shirye.