Ginshiƙai Takwas

"Warware min shi a nan," in ji Mai Zane, yana nuna cinyarsa da hannun da bai shanye ba.

'Yarsa ta dube ni. Na sauko da naɗaɗɗiyar takardar zanen ginin daga saman kwaba, na shimfiɗa masa a kan bargo, na danne gefe ɗaya da kwalbar magani.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Shi ya zana ɗakin karatun unguwa, da zauren taro, da makarantun da ban san adadinsu ba. Amma tun da rufin ɗaya daga cikinsu ya rufto kan yara uku suka rasu, shekara shida ke nan, bai sake riƙe fensir ba. Masu bincike sun wanke shi, sun ce ɗan kwangila ne ya ha'inci aikin. Shi dai bai wanke kansa ba. Zanen makarantar da ta rufta ne na shimfiɗa masa.

"Tela, ƙirga min ginshiƙan nan."

"Takwas ne, Yaya."

"Shida suka sa. Da na taka na je ko sau ɗaya..."

"Baba, don Allah ka bari," in ji 'yar.

Ana haka aka yi sallama. Kafinta ne, uban yarinya ɗaya cikin ukun. Sau biyu Mai Zane yana aika ni wurinsa yana ƙin zuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, garin katako duk a hularsa.

Mai Zane ya tura masa takardar. "Malam, duba ka gani. Takwas na zana."

"Ni ban iya karanta wannan ba."

"To ka yafe min."

Kafinta ya amsa masa daga bakin ƙofar.

"Ni na yafe. Uwarta ce ban sani ba. Har yau ba ta bi ta layin makarantar."

Mai Zane ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Kafin la'asar ya cika.

A maƙabarta, da aka gama rufewa, kowa ya kaɗe hannu ya nufi ƙofa. Na waiwaya. Kafinta na durƙushe shi kaɗai, yana daidaita jiƙaƙƙiyar ƙasar da tafin hannunsa, daga wajen kai har ƙafa.