Solar Iya Asibi

Turai na tsakiyar karanta farashin kifi na kasuwar Tiga a rediyo sai fanka ta tsaya, hayaƙi ya turnuƙe bayan ɗaki. Malam Shitu, injiniyan tashar, ko buɗe janareton bai yi ba. Ya shinshina, ya girgiza kai.

"Wannan karon ya gama aiki, Turai. Abin da ya rage a batir ba zai kai mu azahar ba."

Rediyon Bakin Ruwa ɗaki biyu ce da eriya. Ba ta gwamnati ba ce, masu saurare ke riƙe da ita: wani ya kawo galan ɗin fetur, wata ta aiko da kwanon gero. Yawancinsu masunta ne mazauna tsibiran cikin dam, inda waya ba ta samun sabis. Ta nan suke jin ko iska za ta taso, ko an yi rasuwa a tudu.

Da hantsi motar Alhaji Badamasi, babban dillalin kifi, ta tsaya a ƙofa. Turai ta rusuna ta gaishe shi.

"Na ji abin da ya same ku, 'yata. Gobe zan sa a kafa muku sola, har da batura sababbi. Sai dai shirin nan naki na Laraba, da masunta ke cewa yarana na zuba guba a ruwa, a huta da shi."

"Alhaji, ai mun gayyace ka ka ba da amsa."

"Ni ba na cacar baki a rediyo. Ku yi shawara."

Bayan ya tafi Malam Shitu ya sunkuyar da kai. "In babu tasha, shirin ma babu shi."

Gaskiya ya faɗa, Turai ta sani. Amma makon jiya da idonta ta ga ƙananan kifaye sun mutu sun taso fari fat a bakin gaɓa, mata na tsaye suna kallo.

"Malam, haɗa mini batirin."

Ta zauna gaban makirufo. Ba ta kama sunan kowa ba. Ta ce janareto ya mutu, an yi musu tayin taimako da sharaɗin a rufe bakin masunta, ba su karɓa ba. Tasha za ta yi shiru, ba ta san zuwa yaushe ba. Tana cikin sallama wuta ta ɗauke.

Bayan la'asar suna share ɗaki, sai ga Iya Asibi, tsohuwa mai bandar kifi a tsibiri, ɗauke da farantin sola a ka, gefen zaninta jiƙe da ruwan kwalekwale.

"Sannu da hanya, Iya! Wannan fa?"

"Daga kan rufina na ciro."

Malam Shitu ya jujjuya farantin. "Iya, wannan kaɗai ba zai tashe mu ba."

"Na sani. Wasu sun ce za su kawo nasu, wasu na tsoron Alhaji. Ni dai na gaji da jiran shawararsu."

Turai ta riƙe hannunta. "To ke da me za ki riƙa cajin rediyonki?"

Tsohuwar ta harare ta. "Rediyon da ba ya magana, cajin me zan yi masa?"

Malam Shitu ya fita neman tsani.