Harsashin Baba Sangin

"Kai! Kawar da bakinta daga cikina, ɗan nema! Mutuwar da nake jira ta ishe ni, ba sai ka taya ta ba."

Toryalai ya yi firgigit ya juya bakin bindigar wajen buhun ƙasar da ke jingine a lungun ɗakin. Mutum ne da ya shekara talatin yana zura hannu cikin tanda yana manna gurasa ko gezau, amma wannan ɗan ƙarfen ya sa gumi ya jiƙa masa riga. A ƙauyensu da ke bayan Kohat, inda ko haihuwar ɗa namiji da harbi ake shelarta, shi kaɗai ne magidancin da bai taɓa riƙe bindiga ba, an yi masa dariya har an gaji.

"Cire yatsanka daga kunamar," in ji Baba Sangin daga kan gadon igiya. "Miƙe shi a gefe. Yawwa. Duk bindigar da ka ɗauka, ka ƙaddara da harsashi a cikinta, ko da uwarka ce ta rantse maka babu. Balle wannan da na san akwai."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tsohon ya daɗe a kwance, hannuwansa na karkarwa har ko kofin shayi sai 'yarsa Wagma ta riƙe masa. Bindigar ta kakansa ce tun zamanin Turawa, ƙarama, ƙotarta ta katako ta suɗe saboda riƙo. A tsakiyarta akwai 'yar ganga mai juyawa, mai ramuka shida. Biyar fanko ne. A na shidan akwai harsashi guda da tsatsa ta mai da shi kore, ya manne kamar an ƙera su tare.

Kowa a ƙauyen ya san labarin wannan harsashi. Shekara hamsin da suka wuce aka harbe Baryalai, ƙanen Sangin, a kan rabon ruwan gona. A bakin kabari Sangin ya ɗura shi, ya yi rantsuwar ɗaukar fansa. Wanda ya yi kisan ya gudu bayan duwatsu, can ya tsufa ya mutu. Amma a danginsu doka ce: kafin a ɗauki gawar uba, sai a miƙa wa babban ɗansa bindigar a gaban jama'a ya buɗe. In fanko ce, magana ta mutu da mai ita. In da harsashi, ya gaji jinin. Wanda jinin zai faɗa wa kuwa shi ne Ajab, jikan mai kisan, malamin firamare mai tabarau, wanda kullum da safe yake zuwa sayen gurasa wurin Toryalai da 'yarsa a kafaɗa.

"Ka san ɗana Zmarak," in ji tsohon. "Zuciyarsa a kusa take. In ya buɗe ya gani, ko ba ya so sai ya yi, don Hukum Khan na tsaye a kansa." Hukum Khan ɗan baffan tsohon ne, wanda bai taɓa yafe wa ko akuyar da ta ci masa dawa ba.

"Baba, a kai ta wurin maƙeran bindiga mana."

"Kafin ka dawo labari ya riga ka gida. Hukum ya zo ya ɗauke ta ya ce ajiya."

"To a jefa ta rijiya."

"Bindigar da ta ɓace, cike ake ɗaukarta."

"A harba shi sama a huta?"

"Harsashin da ya girme ka? Ko ya ƙi tashi, ko ya tashi da yatsunka. Sai ka dinga murza ƙullu da gwiwar hannu." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Kai na zaɓa don kana tsoronta. Masu cewa sun saba da ita, rabinsu na maƙabarta."

Haka aka fara. Kullum bayan ya kashe tanda, Toryalai sai ya shigo. Tsohon ya koya masa yadda ake karya bindigar biyu a zare gangar, da yadda ake ɗiga mai da gashin kaza a gefen harsashin, a bar shi ya jiƙa. Daga gaba ake tura shi, a hankali, da ɗan tsinken ice. Gindinsa kuwa ba a taɓa shi sam, don nan ransa yake. Ranar da Toryalai ya gaji ya zo da ƙusa da guduma, tsohon ya zage shi tas har kakansa na bakwai, sannan ya sa shi ya goge ƙarfen da tsumma, wai gishirin gumin hannu ma cin ƙarfe yake. Da ya ce zai kankare tsatsar ƙarfen da yashi ta yi ƙyalli, tsohon ya ce ba amarya ba ce.

Harsashin dai ko motsi.

Wata la'asar Toryalai ya ɗaga kai ya ga Baba Sangin ya ƙura wa ƙofa ido.

"Ya sake zuwa."

"Wa, Baba?"

"Baryalai. Ga shi nan tsaye. Ƙafar wandonsa a jiƙe da ruwan kwata, yadda muka tsince shi."

Toryalai ya duba. Labule ne kawai da hasken rana a ƙasa.

"Me yake cewa?"

"Ba ya cewa komai. Da ma zai zage ni, da na san matsayina. Ban sani ba ko jini yake jira, ko jira yake in sauke masa wannan kaya mu tafi." Tsohon ya juyo da idanunsa da suka yi fari. "Toryalai, kada in mutu yana ciki."

Tun daga ranar, in Toryalai zai fita sai ya raɓa gefen ƙofar. Ya ɗauki gangar ya kai ɗakin ajiyar garinsa, ya tsoma ta cikin gwangwanin mai ta kwana tana jiƙa. Da safe kuma in Ajab ya miƙo hannu ya ce, "Huɗu masu zafi, Kawu," sai ya kasa kallon fuskarsa.

Ran Laraba da hantsi, hannunsa na cikin tanda, ya ji kukan Wagma ta bayan katanga. Ya bar gurasar ta ƙone. Bai shiga gidan makoki ba, ɗakin gari ya shiga ya rufe ƙofa. Yana jin ana shimfiɗa tabarmi a titi, yana jin muryar Hukum Khan na cewa an yi wa Zmarak waya a Karachi inda yake tuƙin babbar mota, ya hau jirgi, za a jira shi zuwa la'asar.

Ya zauna a ƙasa ya ciro gangar, ya juya gindin harsashin wajen bango. Haushin tsohon ya kama shi, da ya tafi ya bar shi da wannan abu, sai kuma hawaye. Ya sa tsinken ya tura. Shiru. Ya ɗiga mai, ya jira, ya sake turawa. Gudumar na rataye kusa da shi, ya dube ta ya kawar da kai. Ana kiran azahar ya ji wani abu ya saki a ƙarƙashin yatsansa, ɗan kaɗan, kamar haƙorin da ya yi girgiɗi. Ya ci gaba da turawa a hankali, har harsashin ya sulluɓo ya faɗa kan buhun gari.

Wagma ta miƙo masa sauran bindigar ta kan katanga a naɗe cikin mayafi. Ya haɗa, ya goge, ya mayar mata.

"Yaya Toryalai, ya fita?"

"Ya fita."

"Baba bai gani ba," ta ce, ta rufe fuska.

Da la'asar Zmarak ya iso, idanunsa jajir. An ajiye makara a ƙofar gida, maza sun kewaye. Can nesa a bakin kwana Ajab na tsaye shi kaɗai, bai matso ba, bai kuma tafi ba. Hukum Khan ya karɓi bindigar ya miƙa da hannu biyu. Zmarak ya karya ta, ya ɗaga gangar sama. Hasken rana ya ratsa ramukan duka shida.

"Ba haka na san ta ba," in ji Hukum Khan. "Hannun Sangin ko cokali ba ya riƙewa."

Zmarak ya shinshina ƙarfen, ya ji ƙamshin sabon mai. Ya bi fuskokin jama'a da kallo har ya tsaya a kan Toryalai, a kan baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa.

"Kawu, kai ne kusa da shi. Haka ya bar ta?"

Harsashin na ciki tsohon ya cika, kuma Toryalai ya sani.

"Haka ya so ka same ta," ya ce.

Zmarak ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya rufe bindigar, ya sa a aljihu, kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. "Ku ɗauka," ya ce, ya kama ƙafar makara.

A maƙabarta, bayan an rufe ramin da faifan duwatsu, mutane suka bi layi kowa na zuba ƙasa da hannunsa. Toryalai ya tsaya a ƙarshe. Ya durƙusa ya damƙi ƙasa, ya zura ɗaya hannun a aljihu, ya cusa koren harsashin a tsakiyarta. Ya sauke hannunsa ƙasa sosai ya saki a hankali, don ba abin jifa ba ne.

"Ya fita, Baba," ya ce yadda ba mai ji. "Ka gaya wa Baryalai."

Masu shebur suka matso. Ya ja da baya yana goge tafinsa a riga, man da ƙasar suka bar masa shaida a ƙirji.