Abin da Di'o Ya Ce a Bakin Tabki

Ɗantala Mahaman ya yi samartakarsa a Sakkwato, yana auna gyaɗa da fata a kantin wani Bature. A can ya koyi Ingilishi, rabi daga bakin maigidan, rabi daga wani littafin 'yan makaranta da ya saya a kasuwa. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya koma gida Dogon Dutsi, a ƙasar Faransa. Da yake ya taɓa zama lakwal, wato makarantar Faransawa, yana da ɗan Faransanci, aka ɗauke shi tafinta a biro, wato ofishin kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankin. Ingilishin kuwa ba mai tambayarsa, amma bai bar shi ya ruɓe ba. Kullum bayan la'asar zai zauna a ƙofar gida ya karanta littafin nan da ƙarfi, har matarsa Shatu ta haddace wasu shafuka ba tare da ta san ma'anarsu ba.

A wata bazara, 'yan shekaru bayan babban yaƙi, rijiyoyin yankin Tibiri suka ja baya. Fulanin Ardo Gambo sun saba idan haka ta faru su ƙetara iyaka su shayar a Tabkin Farar Ƙasa, wanda ke ɓangaren Ingilishi, tafiyar hantsi daga rugarsu. A wannan shekarar aka tare su. An ce akwai ciwon bushiya a ƙasar Faransa, don haka ko saniya ɗaya ba za ta ƙetara ba.

Ardo Gambo ya zo Dutsi da kansa. Shi ne ya riƙe 'yan shanun mahaifin Ɗantala tun Ɗantala yana goye, saboda haka gidansa ya fara sauka.

"Shanunmu lafiyarsu lau, ɗana," in ji shi. "Likitan dabbobi ya duba su da idonsa. Ƙishirwa ce za ta kashe su, ba bushiya ba."

"Zan shigar da kai wurin kumandan, Baffa."

Kumandan ya saurara, ya buga waya ga Turawan Argungu, aka tsai da ranar ganawa a bakin tabkin. Sai ya tuna tafintansa ya taɓa cewa yana jin Ingilishi. Ɗantala ya sa aka wanke masa farar rigarsa, ya je ya yi aski. Shatu ta ce ba ta ga fuskarsa haka ba tun ranar aurensu.

Aka shimfiɗa tabarmi da kujeru biyu a gindin tsamiya. Di'on da ya zo, wato Baturen mulki na ɓangaren Ingilishi, yaro ne, sabon zuwa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, tafintansa kuma kurkunu ya kwantar da shi a gida. Don haka kowace magana ta bakin Ɗantala za ta bi. Akawun kumandan na gefe yana rubuta duk abin da aka faɗa.

Da farko komai ya tafi daidai. Ɗantala ya bayyana yawan rugagen, da halin rijiyoyi, da shaidar likita, Baturen yana gyaɗa kai. Amma da ya buɗe baki ya fara ba da amsa, sai Ɗantala ya ji ƙasa ta soma zame masa. Ba Ingilishin kanti ba ne, ba kuma na littafi ba. Kowace kalma ya santa, amma idan aka haɗa su sai su zama wani abu dabam.

"My hands are tied," in ji Di'o.

Ɗantala ya dubi hannayen. Ɗaya na riƙe da lofe. Ya daure ya ce wa kumandan, "Ya ce an ɗaure masa hannu." Kumandan ya fahimta, da alama su ma suna da irin wannan maganar, sai hankalin Ɗantala ya ɗan kwanta.

Baturen ya ci gaba. Ya ce doka daga sama ta zo. Ya saci kallon akawun da ke rubutu, ya rage murya, ya dubi Ɗantala cikin ido ya ce wani abu mai tsawo wanda a cikinsa akwai "turn a blind eye". Ya ƙara da cewa, "You must read between the lines." A ƙarshe ya miƙe ya ce, "I shall sleep on it."

Ɗantala ya tsaya. Makahon ido. Karatu tsakanin layuka. Barci a kan magana. Ya so ya ce a maimaita masa, amma ga kumandan yana jira, ga gardi masu tsaronsa, ga Fulani sun zuba masa ido, dukansu sun san shi ne mai Ingilishin Dutsi. Sai ya bar zancen idon, ya bar na layukan, ya kama wanda ya fi kama da hankali.

"Ya ce zai kwana da maganar, gobe ya yanke."

Ardo Gambo ya matso. "Mi ya ce, ɗana? Na ga ya daɗe yana magana."

"Ku yi haƙuri zuwa gobe, Baffa."

Gobe ta zo, ba manzo. Kumandan ya koma Dutsi, ya bar Ɗantala a Tibiri ya jira amsa. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, shiru. Fulani suna yasar rijiya tun asuba, guga na fitowa rabinsa laka. Maruƙa suka fara faɗuwa. Kowace safiya Ardo Gambo zai zo ya tsuguna a ƙofar masaukin Ɗantala, ba ya ma tambaya, sai gaisuwa.

Ɗantala ya aika aka kawo masa littafinsa daga gida. Ya bi shi shafi shafi. Akwai labarin manomi, akwai sunayen watanni, akwai yadda ake tambayar hanyar tasha. Babu makahon ido. Har ya kai ga ɗaga shafi sama yana duba farin da ke tsakanin layuka a hasken rana, sai ya ji kunyar kansa, ya jefar da littafin a kan tabarma.

Da ya ga ba mafita, ya ari doki ya ƙetara iyaka zuwa garin da ke kusa da tabkin, inda aka ce akwai wani akawun hakimi, Malam Inusa, wanda ya yi makarantar midil. Ya same shi a zaure yana shan fura. Bayan gaisuwa, Ɗantala ya haɗiye girman kansa ya jero masa maganganun kamar yadda ya ji su.

Malam Inusa ya ajiye ludayi. "Idan Bature ya ce zai yi barci a kan magana, ba lallai gobe yake nufi ba. Yana nufin kada a matsa masa. Wani lokaci ma hanyar sallama ce kawai."

"To, karatu tsakanin layuka fa?"

"Wato ka gane abin da mutum bai faɗa ba. Ba a takarda kaɗai ba, har a magana."

"Makahon idon kuma?"

"Maimaita mini yadda ya faɗa."

Ɗantala ya maimaita iyakar abin da ya riƙe. Malam Inusa ya shafa gemu.

"Malam, ai izini ya ba ku. Cewa ya yi ba zai iya buɗe tabkin a hukumance ba, amma idan kun shayar zai kau da kai kamar bai gani ba. Bai so a rubuta ba ne."

Ɗantala ya ce, "Me ya hana shi ya faɗa kai tsaye? Ina da kalmomin. Na san shayarwa, na san asuba, na san kada ka gaya wa kowa. Da ya yi amfani da su, da na fahimta."

"Haka manyansu ke magana. Idan abu ya yi kyau, su ne suka ce. Idan ya ɓaci, ba su ce komai ba."

"To yanzu sai mu kawo shanun."

Malam Inusa ya girgiza kai. "Yaron nan, Di'o, zazzaɓi ya kama shi, an ɗauke shi zuwa Sakkwato. Wanda ke riƙe da wurin yanzu tsoho ne, shi ya ƙara 'yan doka a bakin tabki. Hakimi kuma ba zai sa wuyansa a kan maganar da ba a faɗa ba."

Ɗantala ya roƙi a kai shi wurin hakimin duk da haka. Hakimi ya saurare shi da mutunci, ya tambaye shi ko Baturen ya ce a shayar. Ɗantala ya ce bai ce haka da baki ba, amma abin da yake nufi ke nan. Hakimi ya ce shi ba ya aiki da nufi. Aka ba dokinsa ruwa daga tabkin, aka sallame shi.

Bai biya ta masauki ba, ya zarce ruga. Ya tarar da Ardo Gambo suna ƙoƙarin tayar da wata saniya da ta durƙusa. Ya jira suka gama, sannan ya gaya masa komai, har da abin da ya tsallake a gindin tsamiya.

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Da ka ce ba ka ji ba, ɗana, da mun nemi mai ji a ranar."

"Haka ne, Baffa."

"To. Mu mun gama jira. Jibi za mu tashi, mu bi kwarin dallol mu yi arewa wajen Kore Mairuwa. An ce rijiyoyin can da sauran ruwa. Wadda ta kai, ta kai."

Suka tashi. Da yawa ba su kai ba, ciki har da biyu daga shanun da mahaifin Ɗantala ya bari. Sauran suka rayu har ruwa ya sauka.

Da Ɗantala ya kai wa kumandan rahoto, Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce Ingilishi haka suke, ya tura shi ya fassara wata shari'ar gona. Ba wanda ya tuhume shi a biro, kuma wannan ya fi damunsa.

Daga baya ya riƙa zuwa wurin Malam Inusa duk lokacin da ya samu hutu. Ya koyi yadda Bature ke cewa yana zaune a kan shinge idan ya ƙi ɗaukar ɓangare, da yadda yake cewa sai an isa gada za a ƙetare ta idan ba ya son a yi zancen gobe. Ya lura yawancinsu hanyoyi ne na ƙin yanke magana, kuma duk wadda ya koya sai ransa ya ƙara ɓaci. Shatu ta tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa, tun da kumandan bai sake neman Ingilishinsa ba. Ya ce mata iyakar tana nan, tabkin ma yana nan, kuma Baffa Gambo ya ce baɗi za su komo Tibiri.