Masu Goyo na Mashigin Arle

Kafin a gina gada a kan kogin Arle, duk wanda ya gaji gidan Skelmer, in za shi coci, ɗan gidanmu ne ke goya shi ya ƙetare mashigi da shi. Hayar da muke biya ke nan, mu Mossop. An ba mu ɗaki da kiwo, mu kuma mun ba da gadon baya. Kakannina sun goyi masu ƙiba, sun goyi mashaya, sun goyi wani da ke rera waƙa a kunnensu, har zuwa kan kakana da aka yi gadar a zamaninsa. Ba mu taɓa jiƙa wa ko ɗayansu safa ba.

Bara sai ga wani ɗan jami'a, Dakta Orde, siriri mai tari. Ya shige ɗakin takardun gidan Skelmer ya yi hunturu guda, ya fito da tarihin kwarinmu kaf: wanda ya saci kifi, wanda ya bar katanga ta zube, shekarar da tumaki suka ƙare. Ni karatuna bai wuce na kwalin magani ba, matar fasto ce ta karanta mini. Da ta zo kan mashigi sai ta rage murya. Wai masu goyon Arle su ne Tallentire. Har allon tagulla aka kafa a bakin gada da sunansu.

Wilf Tallentire maƙwabcina ne. Buhun dankali ma sai ya huta da shi a hanya. Yanzu kullum da safe yana can yana goge allo da hannun riga, in na wuce ya ce, "Ena, ina kwana? In ƙafa na ciwo ki faɗa, goyo gadonmu ne."

Duk ƙauyen nan an san abin da ya faru. Sau ɗaya tak wani kakanmu ya kwanta zazzaɓi, aka ari wani Tallentire, ya kai tsakiyar ruwa ya kifar da maigida. Aka ci Tallentire ɗin tarar agwagi.

Na iske Dakta Orde a zauren coci yana sa hannu a littattafai, na gaya masa haka a gaban kowa. Ya ce bai musa ba, amma shi abin da ke rubuce yake bi, kuma sunan Mossop bai fito ko sau ɗaya ba a zancen mashigi. Na tambaye shi dalili. Ya ce ai magatakardan gidan ba ya rubuta ranar da aka ƙetare lafiya, sai ranar da aka yi ɓarna.

Na ce, "To ɗan nan, mu da ba mu taɓa kayar da kowa ba, ba mu yi komai ba ke nan?"

Ya yi tari ya ce, "A takarda dai, Iya, haka ne."

Da bazara kwamitin ƙauye suka ce za a maimaita goyon don baƙi masu kyamara. Wilf ya kawo takardar likita, wai ƙabarsa ta tashi. Na ce ni zan yi. Suka ce na haura saba'in. Na ce ragunan da nake ɗauka ba su taɓa tambayata shekaru ba, kuma duk wanda ya hana ni, shi zan fara ɗauka.

Maigidan yanzu, wanda ake wa laƙabin girma da Sa Aubrey, tsoho ne mai sanyin hali. Zuma yake sayarwa a ƙofar gidan kakanninsa, kuma ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Ya hau bayana yana ta cewa in yafe masa, in yafe wa kakanninsa. Na ce ranka ya daɗe, riƙe wuyana ka yi shiru.

Na riga na ƙulla zan sake shi a ruwa, amma gaskiya sakin ya yi mini wuya. Ƙafafuna sun san duwatsun nan ba tare da an koya musu ba, sai tafiya suke yi daram, har na hango gaɓa ta matso. Na daure na tsaya inda ruwa ya kai ƙugu, na juya yadda masu kyamara za su gani da kyau, na buɗe hannuwana.

Da aka tsamo shi, hula ta tafi, haƙoransa na roba sun bi ta. Na tsaya a gabansa ina jiran hukunci. Sai mutumin nan ya kama hannuna, da dasashi yake magana, wai laifinsa ne, shi ya zame. Na ce ƙarya ne, ni na sake shi, da gangan, kowa ya gani. Ya ce wannan karamci nawa ba zai manta da shi ba.

Washegari na je ofishin gidan da agwagi biyu a kwando. Magatakarda ta ce ba a karɓar tara yanzu. Na ce to me aka rubuta game da jiya? Ta duba na'ura ta ce, "Wankin wando ɗaya." Babu suna. Na saki agwagin a kan teburinta na fito.

Matar maigida ce ta cece ni. Ashe a makon nan za a aurar da 'yarsu, kuma Sa Aubrey ya yi jawabin biki ba haƙori, dangin ango suna ta kallon juna. Uwargidan Skelmer mace ce ta gaske, irin na da. Ta aiko mini wasiƙa mai hatimi: Ena Mossop, ta gidan masu goyo, wadda ta jefa maigida a ruwa da gangan, kada ta ƙara taka ƙasar Skelmer. Ɗakina a kan ƙasar Skelmer yake, amma wannan matsalarsu ce. Na sa matar fasto ta karanta mini har ta gaji. Na tabbatar kuma an ajiye kwafi a ɗakin takardu, don ta taga na tsaya ina kallo, tunda an hana ni shiga.

Na hau bas na kai wa Dakta Orde har jami'a. Ya karanta, ya ce wannan hujja ce mai kyau, babu mai ture ta. Sai dai ƙa'idar gidan, ba a buɗe wa masu bincike sabbin takardu sai sun shekara ɗari. Tawa da ke hannuna kuwa, tunda ba daga ɗakin ta fito ba, ba zai iya dogara da ita ba.

Na ce amma in lokacin ya yi za a gyara? Ya ce dole.

Na dawo na sami Wilf a bakin gada yana ta aikin goge-gogensa. Na ce masa ya goge da kyau, aro ne, shekara ɗari aka ba shi, kuma ko kwana ɗaya ba zan ƙara masa ba.