Rantsuwar Malam Maharazu

"Malam, don girman Allah ka sa hannu. Ga biro nan, ni zan tallafe maka takardar."

Malam Maharazu ya dubi biron, ya dubi Ilu, ya juya fuska wajen bango. "Ba a sa hannu a takardar rantsuwa sai a gaban mai rantsarwa. Shekara talatin da ɗaya ina akawu a kotu ina mayar da mutane gida a kan wannan. Yau ni zan yi?"

Ilu ya ji kamar ya ɗora hannu a ka ya yi ihu. Talata ce, wa'adi kuma ranar Alhamis da ƙarfe huɗu zai cika, ga mutum ko zama ba ya iyawa sai an jingina shi da filo biyu, amma wai ƙa'ida yake karanto masa. Shekara ashirin Ilu yana wankin hula a rumfar da ke jingine da katangar tsohon nan a Madabo, ya san taurin kansa sarai, amma bai taɓa jin haushinsa kamar yau ba.

Tun da aka fitar da sunayen waɗanda ake son naɗawa alƙalan Babbar Kotu gari ya ɗauki zafi. Sunan Abdulbaqi ne ya tayar da ƙurar. A rediyo wannan ya bugo waya ya ce an tsallake manyansa goma an ɗauko shi saboda surukinsa, wancan ya bugo ya ce hassada ce kawai. A teburin mai shayi har an kusa ba hammata iska. A Madabo kuwa magana ɗaya ce: ɗan unguwa ne, a nan aka yanke masa cibiya, wanda ya taɓa shi ya taɓa kowa. Hukumar tantancewa ta ce mai ƙorafi ya rubuto cikin mako biyu, ya haɗa da rantsuwa. Duk masu surutun nan babu wanda ya ɗauki biro. Malam Maharazu ne kaɗai ya sa aka sauko masa da tsohuwar tafiretarsa, ya kwana uku yana bugawa da yatsa biyu, yana hutawa yana haki.

Ilu ya san abin da ke cikin takardar. Lokacin da Abdulbaqi yake majistare an kawo masa wani baduku daga Jakara, Sule, wanda ya yi rigima da wani mai hali a kan rumfa. Aka tura shi gidan yari a jira shari'a. Abdulbaqi ya miƙo wa Malam Maharazu, akawunsa a lokacin, fayil ɗin ya ce, "Malam, ajiye wannan a durowar ƙasa sai na nema." Bai nema ba. Wata goma sha huɗu Sule yana ciki, har ya rasu ba a sake kiran sunansa a kotu ba.

"Ni na rufe durowar, Ilu. Makullin a aljihuna yake kwana," in ji Malam. "Matar Sule ta zo sau shida, ina ce mata ta dawo wani makon. Kai kana ganin don Abdulbaqi nake yi? Ba na son a sa ni a ƙasa da wannan makullin."

Ilu ya bar hulunan mutane a jiƙe ya tafi kotu ya roƙi mai rantsarwa ya biyo shi gida. Mutumin ko kai bai ɗago ba. "Ku kawo shi. Ba ma bin gidaje."

To, a kawo shi ta yaya? Lungun Malam ko mutum biyu ba sa jerawa, balle Adaidaita Sahu. Ilu ya samo kujerar roba, ya ɗaure mata gora biyu a gefe yadda za a ɗauke shi zuwa bakin titi. Nana Hauwa, 'yar Malam da ke jinyarsa, ta tsaya tana kallo.

"Yaya Ilu, kashe min uba za ku yi a hanya."

"Nana, in bai je ba ma ba kwana zai yi da daɗi ba, ke ma kin sani."

Ta shiga ta ɗauko masa farar hular Malam ya wanke.

Kuskuren Ilu ɗaya ne, ya gaya wa mai Adaidaitan da zai ɗauke su inda za su, kafin dare magana ta zaga unguwa. Ranar Laraba ƙarfe goma saura, an sa wa Malam babbar riga, ga hula tana ƙyalli a kan kujera, sai aka yi sallama. Alhaji Mamman ne, kawun Abdulbaqi, da dattijai huɗu. Sun zo dubiya.

Wa zai kori mai dubiya? Aka shimfiɗa tabarma. Aka tambayi jiki, aka yi addu'a, aka shafa. Aka tuna ruwan da ya rushe katangar masallaci shekara arba'in da suka wuce. Aka sake addu'a. Da biyu suka miƙe sai ga wasu uku sun shigo, kamar masu karɓar aiki. Mutanen da wata biyu Malam yana kwance ba su leƙo ba, yau su ne ke gyara masa filo! Ilu yana tsaye a bakin ƙofa, ya duba agogo ya fi sau hamsin.

Bayan azahar ya kasa daurewa. "Alhaji, ku yi haƙuri, Malam yana da inda za shi."

Alhaji Mamman ya juyo a hankali. "Ikon Allah. Ilu, mara lafiya kamar wannan za ka fita da shi cikin rana? Ka ji tsoron Allah mana." Ya matso kusa da gadon, ya sassauta murya. "Malam, tare muka taso. Abin da ya wuce a bar wa Allah. Tunda aka kafa unguwar nan ba mu taɓa samun irin wannan ba."

"Alhaji, shi ma Sule yana da unguwa," in ji Malam.

Alhaji Mamman ya kawar da kai. Amma babu wanda ya tashi, shi kuma Malam bai ce a ɗauke shi ba. Ilu ya yi ta yi masa alama da ido, tsohon ya girgiza kai. Bai taɓa tashi ya bar baƙo a zaune ba, ba kuma yau zai fara ba. Mai Adaidaita ya gaji da jira ya yi gaba. Sai da aka kira la'asar, kotu ta tashi, sannan suka tuna suna da gidaje.

"Sun yi mana wayo, Malam! Wallahi da gangan suka yi!" in ji Ilu. "Ka sa hannun nan yanzu, ni in je in roƙe su gobe."

"In na sa a nan, ƙarya ce ta biyu." Malam ya karɓi fensir, ya ɗiga ɗan ɗigo a farkon layin da ke ƙasan sunansa, kamar yadda yake yi wa masu zuwa rantsuwa. "Nan zan sa. Ka zo da sassafe, kafin su karya kumallo."

Ranar Alhamis Ilu ya fito daga sallar asuba yana ɗaure gorar da ta yi sako-sako sai ya ji kukan Nana Hauwa.

Kafin ƙarfe goma an gama komai. Abin da ya fi ci wa Ilu rai shi ne yadda makarar ta bi lungun. Mutanen da jiya suka ce ba a fita da shi, su ne yau ke rige-rigen sa kafaɗa, Alhaji Mamman a gaba. Ko minti uku ba a yi ba suka kai shi bakin titi.

Daga maƙabarta Ilu bai koma gida ba. Da ƙasar kabari a gwiwar wandonsa ya isa ofishin da ake karɓar ƙorafi. Wata matashiyar ma'aikaciya ta karanta shafi biyun har ƙarshe, ta sake komawa farko.

"Wanda ya buga wannan ya san aiki, Baba. Amma babu sa hannu, babu hatimi. Ina mai ita?"

"Yanzu muka rufe shi."

"Allah ya jiƙansa." Ta miƙo masa takardar. "Ba zan iya shigar da ita ba."

"To ni in rantse! Kawo Alƙur'ani!"

"Kai ka ga abin da idonka?"

Ilu ya dubi takardar. Zai iya cewa e, wa zai sani? Sai ya ga kamar tsohon yana juya fuska wajen bango. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da ya dawo, ƙofar gidan ta cika da tabarmi. A tsakiya ga Abdulbaqi cikin farar shadda, hannu a sama yana amsa addu'a, mutane sai matsa masa wuri suke. Ya miƙo hannu.

"Malam Ilu, ya ƙarin haƙuri? Uba muka rasa. Shi ya koya min aiki."

Ilu ya ba shi hannu, ya ce, "Da godiya," ya kuma tsani bakinsa da ya faɗa. Bai zauna ba, ya wuce soro.

Kujerar robar tana nan a bayan ƙofa da gorarta biyu, farar hular a kai, ko karinta bai karye ba. Ilu ya fito da takardar ya warware. Ɗigon fensirin yana nan a farkon layin. Ya ɗaga hular, ya ajiye takardar a kan kujerar, ya mayar da hular ya danne ta don kada iska ta ɗauka.